Katin da Matar Yayana Ta Ba Ni

A shekarar da aka datse mana sabis ɗin waya a Batsari 'yan bindiga suka kashe yayana. A gonarsa suka same shi, can bayan Wagini, yana noman gero. Ban ga gawar ba. Kafin labari ya iso ni an riga an rufe shi, don a irin wannan rana ba wanda zai tsaya jiran ɗan'uwa daga gari. Bayan kwana biyu mutanen ƙauyenmu suka watse. Innarmu da matar yayan nawa suka iso gidan kawunmu a Batsari da ƙafa, kowacce da ƙullin kaya a ka, a nan matar ta ci gaba da takabarta a wani ɗan ɗaki kusa da rumbu.

Ni a lokacin ina da shago a bakin titi, ina gyaran waya da kwamfuta, ina tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a kati, wato memorin waya. Na yi karatun kwamfuta a Katsina, a can na koyi Linux, wani tsarin tafiyar da kwamfuta, kuma ban ɓoye ba, na ɗauki kaina da girma a kan wannan. Duk mai gyaran da ke garin idan aka kawo masa kati ya ƙi buɗewa, abu ɗaya ya sani, ya goge shi tas ya ce an gyara. Ni kuwa zagin su nake yi a gaban mutane. Ina da saurin fushi tun ina yaro, kuma bakina ba ya jiran kaina.

Sai na faɗi yadda katin ya samo asali, in ba haka ba ba za a gane abin da na yi ba. Yayana ɗan ci-rani ne. Da an gama kaka yake tafiya kudu dako, sai damina ta gabato ya dawo. A ƙauyenmu, ko a lokacin da sabis yake nan, wuri ɗaya ake samun sa, a kan wani tudu bayan masallaci, kuma duk wanda zai yi waya nan yake zuwa. Mace mai kunya ba za ta tsaya a nan ta yi hira da mijinta ba, surukai na wucewa, tsofaffi na zaune a gindin bishiya sun baza kunne. Matar yayana kuma ba ta karatun boko. To sai suka samo dabararsu. Yana can zai naɗi maganarsa a waya, kaɗan-kaɗan, har ta taru, ya zare katin ya naɗe shi a takarda ya ba direban da zai zo gida. Ita ta saurara a ɗakinta, ta naɗi tata amsar a kan katin, ta mayar. Idan ya cika su goge tsofaffin. Shekaru suna haka, duk gidan mun sani, ba wanda ya taɓa nuna ya sani.

Saura kwana tara ta fita takaba ta sa aka kira ni. Na tsaya a bakin ƙofa, ita tana ciki a kan tabarma. Da can ni da ita abokan wasa ne, kamar yadda aka saba tsakanin ƙanin miji da matar wa. Ina kiran ta matarmu, tana kira na Injiniya, da wata irin murya da ke nuna ba ta yarda na iya ko ɗaura ƙwan fitila ba. Ranar ba wasa. Bayan mun gaisa ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini katin a tafin hannu.

Ta ce, “Injiniya, wanga abu ya ƙi. Ko na sa a waya sai ta yi rubutu ta tsaya.”

Na sa a tawa wayar. Rubutun da take nufi shi ne tambayar ko a goge katin. Na ce mata kada ta kuskura ta yarda wani ya danna komai.

Ta ce, “Na yayanka ne a farko, guda tara, na tafiyarsa ta ƙarshe. Nawa biyar na baya, ban samu aikawa ba ya dawo. Idan na fita, wana zai zo ya kai ni gida Zakka. Ina so in tafi da shi yana magana.”

Na ce wannan ƙaramin aiki ne, kwana ɗaya ya isa.

Sai ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta yi ba tun rasuwar. “Amma don Allah kar ka ji. Kuma kar ka ajiye a injinka. Na san halin masu shago, abin mutum sai ya zaga gari.”

Na yi mata alkawari. Wallahi ko ba ta roƙa ba, ni ma kunyar ta ishe ni. Wa zai so ya ji abin da wansa ke faɗa wa matarsa a ɓoye?

Washegari da hantsi na buɗe shago. Aikina a lokacin da rana yake tafiya, don man janareta ya gagara, sai ɗan faifan sola a kan rufi da batir guda. Laftof ɗina tsoho ne, batirinsa ya mutu tuntuni, da an zare wayar caji yake ɗaukewa. Na sa katin a cikin abin karanta kati na leƙa cikinsa kai-tsaye, ba ta hanyar folda ba. Kati yana da wani ɗan sashe a farkonsa, kamar jerin sunaye, da ke faɗin wane fayil ne a ina. Wannan jerin ne ya lalace. Muryoyin kansu suna nan lafiya lau. Kowane fayil na murya yana farawa da wata 'yar alama, na neme ta na ƙirga, goma sha huɗu. Tara a farko a jere, biyar a bayansu, daidai yadda ta faɗa.

Ƙa'idar aikin nan guda ce, kuma ni nake koya wa wasu ita da tsawa. Kafin ka taɓa katin da ya lalace, ka kwafe shi gaba ɗaya zuwa kwamfuta, ka yi gwajinka a kan kwafin. Minti biyar ne. Ban yi ba. Na ce na yi alkawarin ba zan ajiye ba. Akwai kuma hanya ta biyu, in yanko muryoyin ɗaya-ɗaya daga inda alamar ta fara, amma sai na saurari kowanne in tabbatar na yanka daidai. Ita ma na ƙi. Na ce gara in gyara jerin sunayen kawai, in miƙa mata katinta yadda yake, waya ta karanta da kanta. Na sha gaya wa kaina kunya ce da amana. Akwai su. Amma da na kwafa na goge daga baya, wa aka cuta? Gaskiyar ita ce na raina aikin, kuma ina so in je gida kafin azahar in ce mata matarmu, ga abinki.

Manhajar da ke cikin laftof ɗin ta duba katin ta ce ba ta gane shi ba. Ina da wata da ta fi ta, amma ɗanyen rubutunta kawai nake da shi, wanda sai an harhaɗa shi kafin ya zama manhajar da kwamfuta za ta iya aiki da ita. Da akwai sabis da na sauko da haɗaɗɗiya cikin minti biyu. Ba sabis. Abin da ke hannuna wata folda ce da na kwaso a filashi daga wurin wani abokina da muka yi karatu tare a Katsina. Haka muke yi dukanmu, data da tsada, in ka ziyarci mutum sai ka ce ya zuba maka duk abin da yake da shi, folda sukutum, ba ka tambayar me ke ciki.

Na kwafe foldar, na ba da umarnin da ke auna kwamfutar ya shirya mata saiti, sannan na rubuta make, wato umarnin da ke harhaɗawa. Rubutu ya yi ta gudu a allo, ya gama da wuri har na ji daɗi. A ƙasa ya bar gargaɗi cewa agogon kwamfutar bai yi daidai ba, wataƙila harhaɗawar ba ta cika ba. Na gani da idona. Amma wannan gargaɗin kullum nake ganin sa, don ɗan batirin da ke riƙe agogon laftof ɗin shi ma ya mutu, duk kunnawa sai ya koma wata shekara can baya, lokacin ina firamare. Na saba da shi kamar kukan akuyar maƙwabta.

Na nuna wa manhajar katin, na ce ta gyara. Ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e. 'Yar fitilar abin karanta katin ta yi ta ƙyaftawa, na ƙirga kamar numfashi huɗu, sai allo ya kawo layi ɗaya: Segmentation fault. Ma'anarsa manhajar ta kai hannu wurin da ba nata ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta, aka kashe ta nan take.

Na daki teburin har sukurori suka zube ƙasa. Abin mamaki, ko kaɗan katin bai zo mini a rai ba. Fushina a kan manhajar yake, da wanda ya rubuta ta, da abokina, da gwamnatin da ta hana ni sabis. Na zare katin na sa a gwangwanin da nake ajiye ƙananan kaya, na ɗauko wani tsohon kati nawa mai waƙoƙi, na lalata jerin sunayensa da gangan, na ce a kansa zan kama wannan shegiyar.

Kwana uku na yi. Ranar farko a banza ta tafi, ina zargin abubuwan da ba ruwansu. Na canza abin karanta kati. Na buɗe bayan laftof na ciro ƙwaƙwalwarsa na goge da ƙyalle na mayar. Na sake make ya fi sau goma, kowane lokaci ya ce mini ba abin da za a yi, komai ya kammala. Hadari ya taso da la'asar, batir ya yi ƙasa, laftof ya mutu ina tsakiyar karanta rubutu. Wani dattijo ya shigo da waya a tura masa karatu, na ce masa ba ni da lokaci da murya da har yau nake jin kunyarta.

Da yamma in na je gaida Inna sai in ji muryar matar yayana daga ɗakin kusa da rumbu, a hankali, don kada Inna ta gane zancen.

“Injiniya, ya aiki?”

“Saura kaɗan.”

“Kwana ɗayanku na masu boko da tsawo yake.”

Wannan ne karon farko da ta tsokane ni tun mutuwar yayana, har na ji Inna ta yi 'yar dariya a bakin murhu ba ta san dalili ba.

Rana ta biyu na daina hauka na yi abin da ya kamata. Akwai wata manhaja, gdb, aikinta ta riƙe wata manhajar tana tafiya, idan ta faɗi ta nuna maka inda ta faɗi da hanyar da ta biyo. Na kunna tawa a cikinta a kan katin waƙoƙin. Ta faɗi kamar kullum. Na nemi hanyar, aka jero mini matakai biyar. Uku na farko sun nuna fayilolin da ke cikin foldata. Biyu na ƙarshe kuwa gdb ya ce bai ga fayil ɗin ba, ya rubuto inda yake nema, sai ga sunan barkwancin abokina na makaranta a tsakiyar hanyar, sunan da ya sa wa foldarsa a kwamfutarsa ta Katsina.

Na zauna ina kallon sunan. Me ya kawo kwamfutar abokina cikin abin da ni na harhaɗa da hannuna a Batsari?

Rana ta faɗi kafin in gano. Sai washegari da na jero duk fayilolin foldar da kwanakinsu abin ya fito fili. Harhaɗawa guntu-guntu ake yin ta, kowane fayil na rubutu a sarrafa shi ya zama guntu, a ƙarshe a ɗinke guntayen. Abokina ya taɓa fara harhaɗawa a tasa kwamfutar bai gama ba, wataƙila wuta ce ta ɗauke masa, ya bar rabin guntayen a cikin foldar, ni kuma na kwaso har da su. Shi make ba ya maimaita aikin da aka riga aka yi, kuma da kwanan wata yake gane sabo da tsoho. Saitin da na shirya a laftof ɗina ya ɗauki kwanan agogona, na shekarun baya. Guntayen abokina suna ɗauke da kwanan bana. Sai make ya ga ai su ne sababbi, ya bar su, ya sarrafa waɗanda babu kawai da nawa saitin, ya ɗinke. Abin da gargaɗin yake ta faɗa mini ke nan.

Saitin nawa da na abokina kuwa sun sha bamban a wuri ɗaya, faɗin gurbin da ake ajiye manyan lambobi. Rabin manhajar na awo da tiya, rabin na awo da mudu. Na koma gdb na duba lambar da rabi na farko ya miƙa, tsawon abin da za a yi aiki a kai, 'yar ƙarama ce daidai. Na sauka mataki ɗaya na duba abin da rabi na biyu ya karanta, lamba ce mai tsawon da ta kusa cika layi.

Na gyara agogo da hannu. Na rubuta make clean, ya share duk guntayen, na sake make. Wannan karon ya daɗe, fanka na kuka, ba gargaɗi. Na gwada a kan wani katin na uku da na lalata, ta gyara shi tsaf cikin ƙiftawar ido. Kai, na yi ihu ni kaɗai a shago! Na tashi na yi taku biyu na dawo. Wanda bai taɓa bin irin wannan matsala kwana uku ba ba zai san wannan daɗin ba, kuma ba zan yi ƙarya in ce ban ji shi ba.

Sai na ce bari in gyara katin waƙoƙin da na yi ta gwaji a kansa. Ta gyara jerin sunayen. Na buɗe waƙar farko, shiru. Ta biyu ta buɗe daga tsakiya. Na leƙa cikin katin kai-tsaye, duk farkonsa sifili ne, shafi bayan shafi, sai tarkacen da ba na waƙa ba. A lokacin na koma na karanta sunan matakin da manhajar ke faɗuwa, wanda kwana biyu yana gabana ina kallon sunan abokina kusa da shi. Matakin rubutawa ne. Aikinsa ya rubuta sabon jerin sunaye a kan kati. Da aka ba shi waccan ƙatuwar lamba bai tsaya a ƙarshen jerin ba, ya zarce cikin fayilolin yana zuba duk abin da ya tarar a ƙwaƙwalwar kwamfuta, har sai da ya kai inda aka kashe shi. Ƙyaftawar fitilar nan da na ƙirga, rubutu ne.

Na buɗe gwangwanin. Wannan karon na kwafi katin nata tukuna, yanzu da kwafin ba shi da amfani. Na nemi alamar farkon murya. Biyar.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na maimaita neman sau uku kamar wawa. Muryar waya ba ta cin wuri, hirar awa guda ba ta kai waƙa biyu ba, saboda haka ɗan abin da ya ci waƙa ɗaya da rabi a katina ya cinye duka taran nan. Na rufe shago tun kafin la'asar na zauna a ciki. Ban yi kuka ba ranar da aka ce mini an kashe yayana, na tsaya ina karɓar gaisuwa ina ba mutane ruwa. Ranar nan na yi, har mai shayin da ke jikin shagona ya buga ƙofa yana tambayar ko lafiya.

Sauran kwanakin ban je gidan kawu ba sai da safe, in gaida Inna a tsaye in fita. Ranar da matar yayana ta fita takaba aka yi 'yar sadaka, wanta ya zo da babur daga Zakka. Tana ɗaure kaya na tsaya nesa na ce aikin ya ɗan yi gardama, zan kawo mata da kaina. Ta ce ba komai, Allah ya kai mu. Ba ta tsokane ni ba.

Mako guda na yi ina tonon abin da ya rage, kuma a nan na karya alkawarin gaba ɗaya. Dole na buɗe biyar ɗin nan in tabbatar suna aiki. Muryarta ce, tana dariya ƙasa-ƙasa, tana kiran yayana da wani suna da ban taɓa sanin tana kiransa ba. Na kashe da sauri, amma na ji. Tsakanin inda tarkacen ya ƙare da inda nata na farko ya fara akwai ɗan wuri da ba sifili ba. Na yanko shi, na ɗora masa alamar farko da hannu, na yi ta matsar da wurin yankan kaɗan-kaɗan, yana ƙara kamar ana soya abu, har ya daidaita. Wutsiyar saƙonsa na tara ce, daƙiƙa goma sha ɗaya. Ana jin ƙarar motoci a bayansa. Ya yi tari, ya ce, “To, ki gaida Inna, ki ce mata takalmin na nan na saya. Batirin nan zai mutu. Sai na zo.”

Na zuba shidan a sabon kati. Na samu ɗan mai da ƙyar, na hau babur da safe na bi ta Safana, don an ce kada in yanke ta daji. A hanya ana ta yankan dawa a gonakin da ke kusa da titi, na nesa kuwa an bar su tsaye ba kowa. Tun daga Batsari nake shirya maganar da zan faɗa. Na tsara ta tsaf, daga kwafin da ban yi ba har gargaɗin da na tsallake. Na ce zan faɗa mata da bakina, in ta tsine mini ta tsine.

A Zakka wanta ya tarbe ni a zaure, muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi Inna da kawu da mutanen Batsari ɗaya bayan ɗaya, aka kawo fura. Sannan aka ce in shiga. Tana zaune a inuwar ɗaki tana ɓarar gyaɗa, ta rame, amma ta sa zane mai launi. Da ta gan ni ta ture tiren gefe.

“Injiniya! Ashe kana raye.”

Na durƙusa muka gaisa. Na miƙa mata katin. Ta shiga ɗaki da shi ta saki labule, ni ina waje a kan turmi ina kallon kaji. Ta labulen na ji tarin yayana, da maganar takalmi. Sai muryarta da ta naɗa ta fara, ta kashe. Ta sake wani, ita ce, ta kashe. Haka har biyar. Sai tarin ya sake dawowa, ya sake, ya sake.

Ta daɗe kafin ta fito. Ta zauna a inda ta tashi, wayar a cinyarta.

“Nasa guda ɗaya ne?”

“Shi ya rage.”

Na buɗe baki in fara abin da na tsara, ta riga ni.

“Ruwan ne ko?”

Ban gane ba, na ce wane ruwa.

Ta ce ranar da suka gudo ita da Inna sun tarar da rafi ya kawo, suka shiga har ƙirji, katin na ƙulle a zanenta. Da suka haye ta taɓa ta ji ƙullin ya jiƙe sharkaf, ba ta iya kwancewa a gaban Inna ba, sai da suka iso Batsari. Tun ranar take ta tunanin da ta sa shi a baki, ko a cikin ɗankwali. Ba ta faɗa mini ba don kada in yi mata faɗa, ta san halina.

Ta sake cewa, “Ruwan ne ko, Injiniya?”

Ni na ƙirga su goma sha huɗu da idona, wata huɗu bayan rafin. Tana kallo na, ba tuhuma a fuskarta ko kaɗan.

Na ce, “Ruwan ne.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce dama ta sani, ita ta kashe su da hannunta. Ta share ido da bakin mayafi ta ce in yafe mata wahalar da ta sa ni, kwana da kwanaki a kan abin da ita ta ɓata. Ta tashi ta ɗebo gyaɗar da ta ɓare ta cika mini leda, ta ce Allah ya yi mini albarka, Allah ya ba ni mai yi mini kamar yadda na yi mata.

Na ce amin. Na ɗaure ledar a bayan babur na kama hanyar Safana. Ta yi aure a Tsaskiya bayan shekara biyu, tana aiko wa Inna gaisuwa duk sallah, har da ni a ciki, kuma har yau ban faɗa mata ba.